Kumburin Ƙafa da Likitocin da Yake Haɗawa

Sashen da ke kula da cututtukan cikin jikin manya ba tare da tiyata ba yana da rassa da yawa, kuma jama'a ba su cika rarrabe su ba. Kumburin ƙafa kaɗai ya isa ya nuna yadda rassan suka sarƙe da juna. Idan likita ya danna yatsarsa a kan ƙwaurin mara lafiya, ya ɗaga, ya ga gurbin bai koma ba, to ruwa ya taru a jiki, amma tushen matsalar na iya zama zuciya, ko ƙoda, ko hanta.

Likitan zuciya zai saurari numfashi, ya tambayi ko mutum yana iya kwanciya ba tare da tara matasai ba. A ƙasar Hausa wannan reshe yana da tarihi na musamman, domin tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi nazarin raunin zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka kuma danganta yawansa da wankan jego da kunun kanwa. Likitan ƙoda kuwa fitsari da jini zai fara aunawa, saboda hawan jini da ciwon suga su ne suka fi lalata ƙoda a ɓoye, har a kai ga wankin ƙoda, wanda yawanci ake so a yi sau 3 a mako, kuɗin da iyalai kaɗan ne ke iya jurewa. Likitan ciki da hanta zai nemi ƙwayar cutar hanta nau'in B. Akwai kuma likitocin huhu, da na jijiyoyi masu kula da farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki, da na ciwon suga da maƙoƙo.

Abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke zaɓar wa kansu ƙwararre bisa shawarar maƙwabta, su kashe kuɗin gwaji a reshen da bai dace ba. Mai ciwon suga na shekaru yana iya buƙatar likitoci uku a lokaci guda, kuma maganin da ɗaya ya rubuta na iya cutar da ƙodar da ɗayan yake lallaɓawa. Shi ya sa nake ganin ya fi dacewa a fara da likitan da ke duba jiki gaba ɗaya, a riƙe kati ɗaya, kuma a je kowane ganin likita da kwalayen duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya.