Wasiƙa daga Zanzibar: ga masu tambayar fili a bakin teku

Assalamu alaikum 'yan uwana na Bauchi, daga Wunti har Yelwa. Muna lafiya, a gaishe min da kowa.

Tun ranar da na ɗora hoton farin yashin Nungwi, wani gari a bakin teku a arewacin tsibirin nan, a WhatsApp wayata ba ta huta ba. Kawu ya kira, abokan makaranta sun kira, tambayar ɗaya ce: nawa ne fuloti a bakin teku? Shi ya sa na ce bari in amsa gaba ɗaya, in ƙara da zancen abinci.

Zanzibar manyan tsibirai biyu ce: Unguja inda nake zaune, da Pemba a arewa, inda aka fi noman kanumfarin da muke jefawa a kunu. A 1964 ta haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya, amma tana da shugabanta da majalisarta, kuma dokar filinta daban take. Dokar 1992 ta ce ƙasa ta al'umma ce, tana hannun shugaba. Baƙo irina ba ya sayen fili ya zama nasa, haya ta shekaru ake ba shi, ita ma sai ta hannun gwamnati. Kada ku yi mamaki, mu ma tun dokar 1978 fili yana hannun gwamna ne.

Bara wani dillali ya kai ni gabashin tsibirin, wajen Jambiani, ya nuna min fili mai bishiyoyin kwakwa, ga teku kamar ka miƙa hannu. Ya zaro takarda rubutun hannu da sa hannun shaidu biyu, ya ce a biya kawai. Na ce sai na ga sheha, wato mai unguwarsu. A can na ji abin da ban taɓa zato ba: filin gado ne da ba a raba ba, kwakwar da ke ciki kuma ta wani gida ce daban, domin a nan ana iya mallakar bishiya ba tare da ƙasar da take kai ba. Mako uku ina hawa daladala, wato motar hayarsu, yau a ce kawo kwafin fasfo, gobe taswirar safiyo, jibi mai hatimi ba ya nan. Wani magajin yana Pemba, wani yana Oman. Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne na janye, kuɗina na aljihuna, alhamdulillahi. Kawu, don Allah kada ka tura wa kowa kafin alƙalami saboda hoto.

Sai tekun kansa. A gabas ruwa yana janyewa sau biyu a rana, ya yi nisa har ka ga mata can ciki suna ɗaure ciyawar teku a igiya tsakanin turaku, sana'arsu ke nan. In ya dawo kuwa, akwai inda yake dukan katanga. Gishirin iska yana cin kwano da ƙofar ƙarfe. Makullin ƙofata ya yi tsatsa kafin shekara. Rijiyar kusa da teku sau da yawa zartsi ce. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ne mai yawa, baƙi su ragu, wasu otal-otal su rufe. Duk mai son fili ya je ya gan shi lokacin da teku ya cika, ya sake komawa da damina.

Mai zuwa yawon buɗe ido ya sani, tun Oktoba 2024 akwai inshorar dole ta dala 44. Tsohon garin Zanzibar, wato Stone Town, da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2000, ya cancanci kwana biyu. Amma wallahi duk sanda na ga yadda ake share bakin ruwa tun asuba, ga mai jagora ya haddace tarihin kowace ƙofa, sai Yankari ta faɗo min. Ruwan Wikki mai ɗumi garau da giwayenmu, ga su nan in ka ratse daga Dindima, babu wanda zai tambaye ka takardar baƙunta kafin ka kafa masauki mai tsafta a hanyar.

Abinci kuwa shinkafa ce da kwakwa da kifi kullum. Zancen azumi sai wata wasiƙar. In an samu mai zuwa, a aiko min da kuka da daddawa.