Bindigar da na zaɓa don kwanan daji a ƙasar beyar

A Najeriya farar hula ba ya ko mafarkin rataya fistol ya shiga daji, domin dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun bindigogi, sai mai lasisin shugaban ƙasa. Shi ya sa ko bayan na daɗe a jihar Idaho ta Amurka, inda mutum zai shiga kanti da bindiga a ƙugu babu mai ɗaga ido ya kalle shi, ban taɓa sa ta cikin kayan da nake bukata ba. Abin da ya sauya lissafin shi ne shirin da muka yi da abokan aikina na zuwa kwanan daji a Island Park, cikin dajin gwamnati na Caribou-Targhee, dab da iyakar yammacin gandun Yellowstone. Nan ne gidan beyar, ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata, irin wadda ake kira girizili, wadda namijinta kan haura kilo 200, kuma in ta zabura tana gudun kilomita 55 a awa guda. Babu ɗan Adam ɗin da zai tsere mata.

Maganar doka na fara warwarewa, don baƙo a ƙasar mutane ba ya wasa da ita. Ɗan ƙasa da mai katin zaman dindindin suna iya sayen bindiga. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara an hana shi, sai in ya cika wasu sharuɗɗa kamar mallakar lasisin farauta. A kanti mai lasisi sai ka kai shekara 21 kafin a sayar maka da bindigar hannu, ka cike fom mai lamba 4473, a tura sunanka ga hukumar FBI ta duba ko kana da laifi a baya. Tun Fabrairun 2010 an yarda a shiga gandun dajin tarayya da bindiga bisa dokar jihar da wurin yake, amma a Yellowstone riƙewa kawai aka halatta, harbawa laifi ne, kuma ba a shiga gine-ginen gwamnati na cikin gandun da ita. Wannan na gine-ginen mutane da yawa ba su san shi ba.

A kantin da na je, da na ce girizili, mai sayarwa bai bari na rufe baki ba ya ɗauko libarba mai cin harsashi shida na .44 Magnum ya ajiye a kan gilashi. Kyakkyawa ce, ƙarfe zalla, nauyinta ya haura kilo guda tun ba a zuba mata harsashi ba. Ya nuna min wata mai gajeren baki ta .454 Casull, ya ce ita 'yan Alaska ke so. Na ce masa zan dawo. Kusa da nan akwai filin koyon harbi da ke ba da hayar bindigogi, can na kashe kuɗin da ya fi yi min amfani a duk wannan harka.

Harbin farko da .44 ɗin, sai na ji kamar jaki ya shure ni a tafin hannu. Bakin bindigar ya yi sama, kafin na dawo da shi kan saiti an ɗauki lokaci. Abin da ya fi muni ya biyo baya: hannuna ya fara tsoron harbin, ina shirin jan kunama sai in ji na danna bakin ƙasa ba da sanina ba. Malamar da ke kula da filin, dattijuwa ce mai furfura, ta karɓi bindigar ta cire wasu harsasai ta juya gidan ta miƙo min, ban san wane rami ne da harsashi wane ne fanko ba. Da kunama ta faɗa kan fanko, ƙiri-ƙiri na ga bakin ya dulmiya ƙasa alhali babu abin da ya tashi. Ta ce beyar ɗin da ta taso maka daga mita 30 za ta iso cikin daƙiƙa biyu, kuma abin da za ka nufa kai ne mai hawa da sauka.

Daga nan na gwada fistol mai cin harsashin 10mm, ƙirar Glock 20. Tana ɗaukar harsashi 15, ta fi libarbar sauƙi a hannu, bugun bayanta kuma wanda zan iya shanyewa ne in sake harbi nan take. Ƙarfin harsashinta bai kai na .44 ba, babu mai musun wannan, amma ramukan da na huda a takarda sun taru wuri ɗaya maimakon su watse. Ita ce kuma sojojin Denmak masu sintiri da karnuka a ƙanƙarar Girinland ke ratayawa saboda farar beyar. Ita na saya.

Ba zan ce masu libarba ba su da hujja ba. In dabba ta riga ta danne ka, ka cusa bakin fistol a jikinta, saman bindigar na iya ja baya kaɗan ta ƙi tashi. Haka in ka harba da hannu ɗaya sako-sako, kwanson na iya maƙalewa. Libarba ba ruwanta da wannan, ja kawai. Wanda ya girma da ita kuma yana samun abin da ya nufa, ban ga dalilin da zai canza ba. Ni dai hannuna bai yarda da ita ba.

Harsashi ma sai da aka yi min darasi. Wanda ake sayarwa don tsaron gida yana da rami a baki, yana buɗewa da zarar ya shiga jiki. Ga dabba mai kaurin fata da kitse da ƙashi, irin wannan kan tsaya a hanya. Ana neman mai nauyi, mai tauri, mai faffaɗan baki, wanda zai keta ya wuce. Yana da tsada, amma sai da na ƙona akwati-akwati a filin harbi don in tabbata bindigar na haɗiye shi ba ta shaƙewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai wurin ratayewa, wanda ban taɓa kawo shi a rai ba. Babbar jakar baya tana da ɗamara mai kauri da ke zagaye ƙugu, daidai inda kuben bindiga ke zama. In kuwa ka jefa ta cikin jaka, to ka ɗauko kaya ne kawai. Na sayi kube na ƙirji, mai igiyoyi da ke bi ta kafaɗa, bindigar na zaune a kan ƙahon zuciya ko na sauke jaka don alwala a bakin kogin Henrys Fork. Na yi ta gwajin zaro ta babu harsashi, sanye da rigar sanyi da safar hannu, har hannu ya san hanya.

Ana gobe tafiya yayana ya kira daga gida, da na faɗa masa sai ya ce, “To yanzu ka zama maharbi ke nan?” Na ce, “Yaya, in har na harba ta a wannan tafiyar, to abubuwa biyu sun riga sun lalace.”

Na farko shi ne tsaftar zango. A wannan daji doka ce a kulle abinci cikin mota ko akwatin ƙarfen da aka tanada, ko a rataye shi a bishiya sama da mita 3 daga ƙasa. Ba abinci kaɗai ba, har man goge baki da sabulu da turare. Kilishin da na zo da shi da yajinsa mai tashi, shi na fi tsoro, shi ya fara shiga akwati. Girki kuma nesa da tanti ake yi.

Na biyu gwangwanin feshin barkono ne, wanda a lokacin kuɗinsa bai wuce dala 50 ba. Masu bincike Tom Smith da Stephen Herrero sun bi diddigin haɗuwar mutane da beyar a Alaska: a rahotonsu na 2008 feshin ya dakatar da girizili a kashi 92 cikin ɗari na lokutan da aka yi amfani da shi, kuma kashi 98 na masu ɗauke da shi sun fita ba rauni. A na 2012 kan bindigogi, ta hannu ta yi aiki a kashi 84, doguwa a kashi 76. Dalilin a fili yake: barkonon gajimare yake yi a gabanka, ba ya neman saiti. Rauninsa iska ce in ta juyo maka da shi, ga shi cikin daƙiƙu kaɗan ya ƙare, kuma a cikin tanti kai zai fara makantarwa. Nan ne bindigar ke da gurbi. Don haka barkono a ƙugun dama inda hannu zai fara kaiwa, bindiga a ƙirji.

Girizili dai tana cikin dabbobin da dokar tarayya ke karewa tun 1975, wanda ya kashe ta ko don kare rai sai ya kai rahoto an yi bincike. Mu sawu kawai muka gani a laka, da kashi cike da 'ya'yan itatuwa, muka ƙara ɗaga murya muna tafe a gungu. Da muka dawo na cire harsasai, na kulle bindigar a akwatin ƙarfe mai lambobi saboda yara, harsasan kuma a wani wuri daban. Filin harbi ne yanzu ya shiga kasafin wata, domin malamar nan ta ce dulmiyar hannun tana dawowa ga duk wanda ya daina zuwa.