Na Ce Magani Nake Sha

Ƙannena masu shigowa Ikko da niyyar riƙe sitiyari, ku ba ni aron kunnuwanku. Shekara tara na yi ina jan motar kaya daga kasuwar Mile 12 zuwa cikin gari, tumatir da tattasai da albasa. A duk tsawon lokacin nan, da wani ya ce mini mashayi, da sai an raba mu. Ina salla, ina azumi, ban taɓa zama a gidan giya ba. Abin da nake sha, magani nake kiran sa.

Duk wanda ya kwana a tashar mota a Legas ya san matan nan masu ƙaramin teburi, kwalabe a jere, saiwoyi da ɓawon itace a jiƙe. Paraga ake ce masa. Za a ce maka wannan na basir ne, wannan na ciwon baya, wancan na sanyin asuba. Ba wanda zai gaya maka cewa yawanci a cikin ogogoro aka jiƙa saiwoyin, barasar da ta fi giyar kwalba ƙarfi nesa ba kusa ba. Ga kuma 'yan ledojin barasar nan da ake cusawa a aljihu, waɗanda hukumar abinci da magunguna ta NAFDAC ta sanar da hana su a 2024 amma ba su ɓace daga tashoshi ba. Ni da ɗan kofi guda na fara, saboda ciwon baya. A garinmu idon maƙwabta kaɗai ya isa ya hana ni. A nan kuwa sai na ce wa ya san ni?

Wata asubar damina na sha biyu, na yi lodi, na hau titin Ikorodu. Wajen Ojota wani ɗan dako ya turo baro zai tsallaka. Na gan shi. Wallahi na gan shi sarai, ƙafata ce ba ta isa birki a kan kari ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana shafe kusan mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Barasa kuwa aikinta ke nan, ta jinkirta saƙo tsakanin ido da ƙafa, sannan ta raɗa maka cewa yau ka fi kullum gwaninta. Daƙiƙar nan da ta ƙwace mini, a ƙafar bawan Allah ta ƙare.

Kafin jami'ai su iso na cika baki da goro, don a tasha haka muke gaya wa juna, wai goro ko alewa mai yaji na kashe wari. Aka miƙo mini na'urar gwajin numfashi aka ce in hura. Ashe ita ba warin baki take nema ba. Barasa na shiga jini, jini na ratsa huhu, iskar da ka fitar daga can ƙasa ita na'urar ke aunawa. Goro ba ya isa can. Shayi mai kauri ko watsa ruwan sanyi ma ba sa fitar da ita. Hanta ce ke narkar da ita sannu a hankali, shi ya sa wanda ya sha da tsakar dare zai iya wayar gari da sauranta a jininsa.

An kama motar, na kwana a ofishin 'yan sanda, aka kai ni kotu. Na biya tara, mai motar ya sallame ni. Ku sani dokar sufuri ta Jihar Legas ta 2018 ta tanadi tara da ɗauri ga mai tuƙi cikin maye, kuma dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai ga wanda tuƙinsa na ganganci ya kashe rai. Allah ya sa mutumin bai mutu ba.

Amma zaman da ya fi kotu nauyi a wajena shi ne na gaban dattawan unguwarmu a Agege. Ashe wanda na kaɗe ɗan'uwanmu ne ɗan Arewa, mai mata da yara huɗu a gida, da baron nan yake ciyar da su. Wani tsoho ya dube ni ya ce, "Yaro, me ka sha?" Na buɗe baki zan ce magani, kalmar ta ƙi fita.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka kai kofi baki ka tambayi mai sayarwa da me aka jiƙa. In ciwon baya ne, ka je asibiti. In barci ne ke fizgarka, ka gangara gefe ka kwanta, gara tumatir ya ruɓe. In kuma ka riga ka sha, ka miƙa makulli ga wani direban, ko da za a yi maka dariya a tasha. Kai yaron mota ma, in ka ga maigidanka ya tsaya wajen masu kwalabe, kana da bakin magana.

Mutumin da na kaɗe ya daina dako. Yanzu goro da alewa yake sayarwa a tire a bakin masallaci, sandarsa jingine a gefe. Duk ƙarshen wata ina kai masa abin da ya sawwaƙa. Yakan karɓa da hannu biyu ya ce, "Allah ya yi albarka, Malam, ya iyali?" Har yau ban iya haɗa ido da shi ba.