Lauyan da nake biya, amma ba nawa ba

A shekararmu ta huɗu a Amurka muka sayi gida a wata unguwa da ke bayan garin Houston, jihar Texas. Ranar karɓar makulli aka tura mini tulin takardu, na yi ta sa hannu har yatsuna suka yi tsami. A ciki akwai wata mai kauri, dokokin ƙungiyar masu gidajen unguwa, wadda kowa a nan yake ce wa HOA. Ban karanta ba. Wa yake ta karatu, uwargida tana mota tana jiran ta ga kicin?

Shiga ƙungiyar nan dole ne, tana manne da gidan. Kana biyan kuɗin shekara, su kuma 'yan kwamiti, maƙwabtanka da aka zaɓa, suna lura da fentin ƙofarka da tsayin ciyawarka.

Da Hajiya mahaifiyata ta rasu muka tafi Zariya gaba ɗaya, muka yi kusan wata biyu. Muna dawowa na tarar ciyawa ta kai ƙwauri, akwatin wasiƙa ya cika maƙil. Wasiƙun farko daga kamfanin da ke kula da unguwar suke, da lallashi. Ta ƙarshe kuwa daga ofishin lauya. Kuɗin shekara dala 600 da na manta ban biya ba ya haifi 'ya'ya: tarar jinkiri, kuɗin wasiƙa, sai kuɗin lauya da ya kusa kai uwar kuɗin.

Na buga wa lauyan waya da tunanin gida, inda mai unguwa zai fara yi maka gaisuwar rasuwa kafin ya kawo maganar kwata. Na yi masa bayanin mutuwa da tafiya. Ya jajanta mini, cikin ladabi kuwa. Sai na ce, to ya ba ni shawara, tunda daga kuɗin da mu mazauna muke tarawa ake biyan sa.

Ya ce, "Ni lauyan ƙungiya ne, umarnin kwamiti nake bi. Ba zan iya ba ka shawara ba. In kana so, ka nemi naka lauyan."

Na daɗe riƙe da wayar. A ƙa'idar aikinsu gaskiya ya faɗa, don ƙungiyar ce ta ɗauke shi, ba ni ba. Amma har yau abin yana yi mini ciwo, musamman da na gane ita kanta wayar tana iya shiga lissafin kuɗin da za a ɗora mini.

Bayan sallar Juma'a na kai kukana wurin wani dattijo ɗan Katsina da ya fi shekara ashirin a garin. Ya ce, "Malam, kada ka yi wasa da mutanen nan." Ya ba ni labarin wata tsohuwa mai shekara 82 da aka yi gwanjon gidanta a yankin Houston a 2001 kan bashin kusan dala 800, sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce kafin gidan ya dawo hannunta. Shi ya sa ni karanta babi na 209 na dokar kadarori ta Texas. A nan na ga ina da kwana 30 na nemi zama da kwamiti kan tarar da aka ci ni saboda tsayin ciyawa, ina iya neman biya kashi-kashi, kuma ba a sayar da gida kan tara ko kuɗin lauyan tara kaɗai.

Na rubuta takarda na nemi zaman. Suka yafe tarar ciyawa. Kuɗin lauya kuwa ko sisi ba su rage ba, wai an riga an yi aikin. Na biya cikin wata shida.

A taron shekara aka raba mana takardar kasafi. Na nemo layin kuɗin lauyoyi, na raba da yawan gidajen unguwar a wayata, na ga nawa kason. Lauyan yana zaune gefen shugabar kwamiti. Da aka tashi ya zo ya ba ni hannu, har yana tambayar lafiyar yara.