Godiya ga waɗanda suka taya ni neman karanshaf na babur ɗin Baba

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, na rubuta wannan saƙo ne domin in sauke nauyin da ke wuyana game da mutanen da suka tsaya mini tsawon wata uku ina neman ƙarfe guda ɗaya, wato karanshaf (ƙarfen cikin inji da fistan ke juyawa) na babur ɗin mahaifina, Honda Roadmaster mai silinda biyu. Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, babur ɗin ya tashi a ƙofar gidanmu da ke Gangare a Jos, kuma ba zan iya yin shiru ba alhali na san hannuwan da suka kai mu ga wannan rana.

Mutane da dama sun tambaye ni dalilin da ya sa nake wahalar da kaina a kan tsohon ƙarfe, tunda kuɗin da na kashe a yawo ya kusa isa in cika in sayi Boxer na hannu. Baba ya sayi wannan babur a farkon shekarun 1980, lokacin yana aikin kamfanin kuza a Bukur. Da kasuwar kuza ta faɗi a duniya a 1985, aiki ya ja baya, ya sayar da abubuwa da yawa na gida, amma bai taɓa sa wa babur ɗin kuɗi ba, domin da shi ya koma ɗauko dankalin Turawa daga ƙauyuka yana kawowa kasuwa, kuma da wannan dankali muka yi karatu mu bakwai. Yanzu ƙafarsa ba ta iya buga kik, ni nake hawa zuwa gonarsa ta wajen Tilden Fulani. A hanyar dawowa daga can ne, ƙarshen damina, da buhun masara a baya, injin ya buga. Ashe baƙin mai ya daɗe yana yoyo a hankali ta ƙasa, ni kuwa ban duba ba. Sakacin nawa ne, shi ya sa na ɗauki gyaran a matsayin bashi.

Godiyata ta farko ga dattijon bakaniken da ke kusa da Farin Gada, wanda tun ina yaro shi ke taɓa wannan babur. Da ya kwance injin, ya kama kwanrod (ƙarfen da ke haɗa fistan da karanshaf) na ɓangaren hagu ya ja sama ya danna ƙasa, muka ji yana ƙwas-ƙwas, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ba na gyara ba ne, na canji ne, kuma kada ka bari wani ya ce zai yi maka walda a kansa." Ya bayyana mini cewa fistan biyu na Roadmaster tare suke hawa, tare suke sauka a kan karanshaf ɗaya, saboda haka babu wani kayan Jincheng ko Bajaj da zai shiga, tunda waɗanda muka saba gani silinda ɗaya gare su. Injin ya zauna a shagonsa wata uku cikin kwali, ya ɗaure kowane noti a leda daban, bai karɓi ko sisi na ajiya ba. Duk ƙarfen da aka kawo mini, wurinsa nake kaiwa ya duba, sau biyar ke nan, kuma bai taɓa nuna gajiya ba.

A Dilimi na fara neman, shago bayan shago. Yawancin samarin da ke tsaron shagunan ba su ma taɓa ganin cikin injin ba, kuma ba laifinsu ba ne. Tun da aka hana acaɓa a cikin Jos da Bukur a 2012, masu kayan babur da yawa suka karkata ga kayan Keke Napep, tsofaffin babura kuma suka watsu ƙauyuka ko suka tafi hannun 'yan gwangwan, inda ake fasa inji a ware alminiyon a narka a yi tukwane, ƙarfen kuma a ɗora a sikeli. A ganina wannan ne babban abin da ya ƙarar da kayan Roadmaster a garin nan, fiye da tsufansu. A Dilimin ne na haɗu da wani ɗan kasuwa ɗan ƙabilar Ibo, haifaffen Jos, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu. Bai da kayan, ya faɗa mini gaskiya tun farko, amma ya ɗauki hoton ƙarfen ya aika wa 'yan'uwansa a kasuwar Nkwo da ke Nnewi da kuma Ladipo a Legas, ya riƙa kirana da katinsa duk mako yana gaya mini inda aka kwana. Oga, ba ka ci ribar kwabo a kaina ba, amma ka yi mini abin da ɗan'uwa yake yi. Allah ya buɗa kasuwa.

Ina godiya ga ɗan ƙanwar mahaifiyata a Kaduna, wanda ya ba da Asabar biyu yana zaga Panteka da tsohon karanshaf a jaka, da direban motar Kano da ya leƙa mini Ƙofar Ruwa ba tare da ya karɓi kuɗin mai ba. Akwai wani mai kaya a wani gari da ya karɓi kuɗina ya aiko da ƙarfen da tsatsa ta cinye, sannan ya daina ɗaukar waya. Ba zan ambace shi ba, na bar shi da Allah.

Wanda ya samo ƙarfen a ƙarshe yaro ne da bai wuce shekara 19 ba, mai tura baro yana sayen gwangwan gida-gida a Bukur. Dattijon bakaniken ne ya taɓa nuna masa hoton injin a waya, ya ce masa duk inda ya ga inji mai ramin fulogi biyu da bakin salansa biyu, kada ya bari guduma ta taɓa shi. Bayan mako shida yaron ya sayi tarkace a wani gida ta hanyar Barikin Ladi, ya tarar da irin injin a ƙarƙashin tsofaffin kwanukan rufi. A ranar ana lodin babbar mota a wurin maigidansa, kuma da ya jefa shi a sikeli da ya karɓi kuɗinsa nan take, amma ya ɓoye shi a ɗakin da yake kwana har kwana huɗu, saboda wayarsa ba kati, sai da ya samu wanda zai shigo gari ya aiko da saƙo. Da na tambaye shi nawa zan biya, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ka ba ni abin da na saya, sauran ka sa mini albarka." Na ƙara masa abin da ya sawwaƙa, kuma har yanzu ina ganin ban biya shi ba.

Ranar da aka buɗe injin ina tsaye. Allah ya sa mai shi bai tsiyaye baƙin man ba kafin ya ajiye, shi ya hana tsatsa shiga ciki. Dattijo ya zaro karanshaf ɗin, ya wanke shi da kananzir a cikin yankakkiyar jarka, ya goge da tsumma, ya ja kowane kwanrod sama da ƙasa bai ji motsi ba, sannan ya kai boris kusa da kunnensa ya juya shi a hankali yana saurare, idonsa a rufe. Ya daɗe a haka kafin ya ce, "Alhamdulillahi, wannan zai kai jikokinka." Kwana uku ya yi yana haɗawa, ya sa sababbin zobba da gaskit da sil, ya gargaɗe ni in yi tafiya a hankali, in canza mai bayan mako biyu, kuma in riƙa duba shi kowace safiya kafin in buga.

Ban gaya wa Baba an samu ba sai da na turo babur ɗin ƙofar gida. Yana zaune a kan buzunsa a zaure da carbi a hannu, na buga sau biyu ya kama. Ya ɗaga kai, ya ce a kama shi ya miƙe, ya fito ya dafa tankin da tafin hannunsa yana jin kaɗawar injin, ya ce, "Muryarsa ce, ba ta canza ba." Ya sa aka kira masa bakaniken a waya suka daɗe suna gaisawa, ya kuma ce lallai a kawo masa yaron nan na Bukur ya sa masa albarka da bakinsa, kuma in sha Allahu ranar Juma'a zan je in ɗauko shi.

Ina godiya ga uwargidana da ta haƙura da kuɗin cefane da ya ragu a waɗannan watanni, da yayyena da ƙannena da suka yi karo-karo bayan asarar da na yi. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ƙara wa Baba lafiya. Sauran kayan injin da muka saya, wato kafireto, haƙoran giya da kan silinda, duk lafiyarsu ƙalau, na bar su a hannun dattijon a Farin Gada. Duk mai Roadmaster da ke buƙatar ɗaya daga ciki ya je ya karɓa, kyauta ne.