Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Lambar 0.08

Makon jiya mun tsaya a ranar da na karɓi lasisin tuƙa tasi a birnin Niyu Yok. Kafin mu ci gaba zan tsaya a kan dokar tuƙi cikin maye, domin ƙannenmu da ke sauka a Amurka sukan ce, "Ni ba na shan giya, ina ruwana?" Ƙanena, da ruwanka.

Kowace jiha da dokarta, amma ma'aunin kusan ɗaya ne: giram 0.08 na barasa a cikin mililita 100 ta jini. A shekarar 2000 gwamnatin tarayya ta ce duk jihar da ta ƙi wannan lamba za a zaftare mata kuɗin gina hanyoyi, sai duk suka bi. Jihar Yuta ta sauko zuwa 0.05 a ƙarshen 2018. Direban babbar mota iyakarsa 0.04, wanda bai kai shekara 21 ba kuwa ko ɗigo na iya ja masa.

Idan ɗan sanda ya tsayar da kai ya kuma yi zargi, yakan yi gwaji uku a bakin titi. Ka bi yatsansa ko biro da ido ba tare da juya kai ba. Ka yi taku tara a kan layi, dunduniya na taɓa yatsun ƙafa, ka juyo ka sake tara. Ka ɗaga ƙafa ɗaya kana ƙirga har kusan daƙiƙa 30. Mai ciwon gwiwa ko wanda Turancin bai zauna masa ba yana iya faɗuwa alhali garau yake, don haka a faɗi lalurar tun kafin a fara. Daga nan sai ofis, inda ake hura na'ura ko a ɗebi jini.

A nan mutanenmu suke yin kuskuren da ya fi ba ni takaici: ƙin hurawa. Doka ta ɗauka tun ranar da ka hau titi ka amince a gwada ka. A Niyu Yok ƙin gwajin kaɗai yana ƙwace lasisi aƙalla shekara 1 da tarar dala 500, ko da daga baya kotu ta wanke ka, kuma ana kawo ƙin naka a matsayin shaida.

Hukuncin karon farko a Niyu Yok tara ce daga dala 500 zuwa 1,000, ɗaurin da zai iya kai shekara 1, a soke lasisi aƙalla wata 6, sannan dala 250 duk shekara har shekara 3. A 0.18 tarar takan kai 2,500. Maimaitawa cikin shekara 10 babban laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara 4. Haka ma idan akwai yaro ɗan shekara 15 ko ƙasa a motar, ko da karon farko ne. Wannan ita ce dokar Leandra ta 2009, mai sunan yarinya 'yar shekara 11 da ta rasu a irin wannan haɗari. Dokar ce kuma ta wajabta maƙala wa motar wanda aka samu da laifi na'urar da sai ka hura kafin inji ya tashi, kuma kai za ka biya kuɗinta.

Tsallaka iyakar jiha, hukunci ya sauya. Arizona tana yanke ɗaurin kwana 10 a karon farko, ko da yake alƙali na iya jingine 9, a 0.15 kuma kwana 30 ne. Wiskonsin a karon farko galibi ba ɗauri, tara take ci ta kuma ƙwace lasisi na wasu watanni. Mai lasisin tirela dai ko'ina yake shekara 1 zai yi ba tuƙin kaya, ko da a motar gidansa aka kama shi, a karo na biyu kuma har abada.

To ga inda wanda ba ya shan giya yake shigowa. Dokar ta haɗa da ƙwaya. Taramol, kodin, maganin barci, ko da likita ne ya rubuta, in dai ya taɓa tuƙinka laifi ne. Direban da ya kwana yana aiki ya haɗiyi wani abu don "ƙarin ƙarfi" ya shiga tarko. A jihohi da dama ma barci a kujerar direba inji na aiki ana lissafa shi tamkar tuƙi. Jiki kuma yana rage barasa da kusan 0.015 ne kacal a awa, kofi ko wankan ruwan sanyi ba sa ƙara masa sauri, shi ya sa ake kama mutane da safe bayan daren biki.

Ga baƙo akwai ƙari: kamun kaɗai, tun kafin shari'a, yana iya sa a soke biza. Kada ka amsa laifi sai lauyan da ya san dokar shige da fice ya duba takardunka.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan darena na farko a bakin aiki.