Wa ke tuƙa tuwon gidan?

Shekarata ta farko a karatun digiri na uku a nan Sakkwato ta ƙare ne a kan ka'ida guda, wadda masana ke kira tsanin makamashi. Ba ta da wuyar fahimta. Wai gida yakan fara girki da kara da kashin shanu da itace, in hali ya ɗan samu ya hau gawayi ko kananzir, daga nan gas, ƙarshe lantarki, kuma duk matakalar da ya bari ya bar ta ke nan. Ta kwanta mini a rai ƙwarai, har na gina takardar tambayoyina a kanta. Tambaya ta 14 tana cewa: da me ake girki a gidan nan? Akwati biyar, a zaɓi ɗaya.

Na zaga Mabera da Arkilla, na leƙa ƙauyukan wajen Kware da Wamakko, na zuba amsoshi a kwamfuta. Jadawali ya fito sumul, masu albashi suna sama da gas, manoma suna ƙasa da itace. Na kai wa malamina ina jiran yabo. Ya juya shafi biyu ya ce, "Wa ya ba ka amsar nan?" Na ce masu gida, a zaure, tunda namiji baligi ba ya kutsa kai cikin gidan mutane. Ya cire tabarau ya dube ni. "Su ke tuƙa tuwon?"

Sai na koma da ƙanwata da ɗalibai mata biyu, ni ina zaure ina shan fura, su suna madafa. A gida na farko, wanda na rubuta wa "gas" da hannuna, sun tarar da tukunyar gas a lungu, kurfoti na gawayi a bakin ƙofa, ga murhun duwatsu uku yana ci. Tsohuwar gidan ta ce wa ƙanwata, "Ɗiyata, wanga gas na ruwan shayi na da ɗumame. Tuwon mutum ashirin sai itace." Gaskiyarta. Tuƙi yana son tukunyar da ta zauna daram da wuta mai faɗi, wake kuma yana daɗewa bisa wuta, ba mai dafa shi da gas sai wanda kuɗi suka yi wa yawa. Maigida bai yi mini ƙarya ba, abin da ya sayo da kuɗi mai tsoka shi ya tuna. Laifin na tambayata ne da ta ba shi akwati ɗaya.

Abin kunyar, wani bincike da aka yi a ƙauyukan Meziko aka buga a shekarar 2000 ya riga ya nuna cewa gidaje jera makamashi suke yi gefe da gefe, ba hawa suke suna zubar da na baya ba. Yana cikin babina na biyu. Na ambace shi ban karanta ba.

Daga nan na daina tambayar yawa, na koma awo, kuma a nan ne aikin ya nuna mini haƙoransa. Damin itace ba ma'auni ba ne: farashinsa kan tsaya, jikinsa ya rame. Sai sikelin ratayawa. A auna itacen da ya fi ƙarfin girkin yini, a roƙi matan kada su taɓa wani, a dawo bayan awa 24 a auna saura, a yi haka aƙalla kwana uku a jere. Awon ranar farko na koyi ajiye shi gefe, don wasu tsimi suke yi saboda an sa musu ido, wasu kuma su ba maƙwabciya 'yan ƙirare, wa zai hana? Itacen damina ya sha ruwa, nauyinsa ya fi zafinsa, dole a auna danshi kafin a kwatanta shi da na bazara. Dole a ƙirga bakin da suka ci, yara daban manya daban, har almajirin da ke karɓar kwano. Lokacin hunturu ana ƙona itace don jin ɗumi da ruwan wanka, wanda bai tambaya ba sai ya ɗora wa tukunya. Azumin Litinin da Alhamis, ko suna a maƙwabta, kowanne na iya karkatar da lissafin gida.

Bayan cire tallafin fetur a 2023, da kuɗin gas da kananzir suka yi sama, na ga tukwanen gas sun koma ƙarƙashin gado a gidajen da na sa a saman tsani. Ban jefar da ka'idar ba, har yanzu tana bayyana wani abu game da samu da rashi, amma ta sauka daga matsayin amsa ta koma abin da nake gwadawa.

Gyaran ya ci mini kusan shekara. Tambaya ta 14 yanzu ta rabu gida shida, shayi daban, tuwo daban, ruwan wanka daban, kuma mace ke amsawa. Tsofaffin takardun na so in ƙona su, Malam ya hana. Su ne suka zama babi na biyar, inda na jera abin da zaure ya faɗa kusa da abin da sikeli ya nuna.